Ƙofar Darakta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ta ƙofar da ba ta da ɗaki ba. Na manta abubuwa da yawa yanzu, har maganin da nake sha da safe sai an tuna mini, amma wannan ranar tana nan daram a kaina. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye mini a gaba ba zan gane shi ba, don haka faɗa nake yi ana rubutawa. Mai rubutawar kuwa Rifkatu ce, wadda a kanta na tafka abin kunyar. (Ta ce in ta ga na rage wani abu za ta ƙara da hannunta, shi ya sa zan faɗi komai.)

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam, mijina. Ban kira sunansa ba yana da rai, ba kuma zan fara yanzu ba. Idan labarin ya yi tsalle a wani wuri, hawaye ne suka tare ni, Rifkatu ta ajiye biro tana jirana.

Lokacin da gwamnati ta tattara kayanta daga Legas ta komo Abuja, mu ma aka tattaro da mu. Malam kafinta ne, shi ke gyara tebura da kujerun ofis, kuma a wannan ƙaura babu teburin da ya iso da ƙafa huɗu. Muka sami ɗaki a Karu, a wani dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Bangon da ke tsakaninmu da maƙwabta kuwa, in mutum ya yi atishawa a can sai ka yi masa addu'a daga nan. Damina ce, ko'ina jan taɓo. Da safe matan Gbagyi su wuce da doya a kafaɗa, manyan motoci kuma su wuce da ƙarfe da siminti, gari yana fitowa daga cikin daji muna kallo.

A ɗakin da ke jikin namu Bitrus yake da amaryarsa Rifkatu. Shi direba ne, aikinsa ɗauko fayil-fayil da akwatunan ƙarfe daga Legas. In ya tafi sai ya yi kwana goma, wani lokaci fiye. Ita kuwa yarinya ce siririya, mai yawan sunkuyar da kai, ko tsawa aka yi wa akuya sai ta firgita. Hausarta irin ta garin nan ce, wadda ake tsinta a kasuwa da coci. Kullum da safe za ta leƙo ta ce, "Mama, ka tashi lafiya?" Na gyara mata har na gaji na bar ta.

Ranar da Bitrus zai yi wata tafiya, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, hularsa a hannu.

"Mama, ga Rifkatu nan. Amana ne. Ba ta san kowa ba a garin nan sai ke."

Na ce ya tafi hankalinsa kwance. Ni kuwa in aka ba ni amana ba na wasa da ita. Matsalar ita ce, amanar da aka ba ni ta kula da yarinya ce, ni kuma na mayar da ita aikin ɗan sanda.

Sai kun san abin da kalmar Darakta take nufi a wancan zamani kafin ku yi mini hukunci. Darakta ne ke ba da gida, Darakta ne ke hanawa. In Darakta ya sa hannu a takarda, iyali su bar ɗaki ɗaya su koma gida mai ban-ɗaki a ciki. Ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba, amma na san kamanninsa a raina: tumbi, kwat, baƙar mota. A bakin famfo kuma kullum hirar ke nan, wai Daraktoci sun baro matansu da 'ya'yansu a Legas saboda makaranta, suna zaune su kaɗai a manyan gidaje, idonsu yana yawo. Na sha wannan hira har na ƙoshi.

To, Bitrus bai yi kwana biyu da tafiya ba na lura Rifkatu tana fita kullum da la'asar. Ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta fice, sai gab da magariba ta dawo idanunta jajur. Na zuba ido kwana uku. A na huɗu na tare ta a bakin famfo ina yi kamar wanke-wanke nake.

"Rifkatu, ina kike zuwa kullum haka?"

"Wurin Darakta, Mama."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Ko ɓoyewa ba ta yi ba.

"Me kike yi a wurin Darakta?"

"Wasa muke yi."

"Wasa?"

"Eh, Mama. A coci ya gan ni, ya ce fuskana ya dace. Ya ce na iya kuka."

(A nan Rifkatu ta tsayar da ni. Ta rantse wai ta ce "dirama" har sau biyu a wannan rana. Ni ban ji ba. Shekara nawa muna wannan gardama, kuma ba yau za mu gama ta ba. Na dai yarda cewa kunnen da ya riga ya yanke hukunci ba ya jin sauran magana.)

Na ce, "Bitrus ya san da wannan wasa?"

Ta kama hannuna tana murmushi. "Mama, don Allah kada ka gaya masa abin da nake yi. So nake ya gani da idonsa."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da mutum, yau ita ce take so mijinta ya gani da idonsa. Na ce lallai wannan ba yin kanta ba ne, an juya mata kai.

Daga ranar na koma zama a jikin bango. In na gama shara sai in jawo tabarma in manna kunne, carbi a hannuna don ko Malam ya shigo. Abin da na riƙa ji kuwa ya ƙara tsinka mini zuciya. Da hantsi, ita kaɗai a ɗaki, sai in ji muryarta tana rawa.

"Ban taɓa makullinka ba."

Shiru.

"Ni ba mahaukaciya ba ce. Ka bar ni in fita ko bakin ƙofa ne, in sha iska."

Sai kuka, irin mai shiga jiki. Can sai kukan ya tsaya cak, in ji ta sha ruwa, har da 'yar waƙarta ta coci, sannan ta sake daga farko. Ban taɓa makullinka ba. Maganganun ba su wuce bakwai ba, amma ta maimaita su har ni na haddace. Ta ƙarshen ce ta fi ɗaure mini kai, domin ba da kuka take faɗinta ba, a hankali take faɗi kamar mai ba da saƙo:

"Makullin yana aljihunka tun ranar da muka zo garin nan."

Na haɗa labarina tsaf. Darakta yana kulle ta a gidansa, yana yi mata sharrin sata, yana ce mata mahaukaciya, ita kuma ta dawo gida tana koyon yadda za ta roƙe shi. Da a ce na iya rubutu, da na cika littafi.

Ana cikin haka Malam ya dawo wata rana da katako a ka. Kwana biyu yana aiki a tsakar gida, garin katako yana tashi, ya haɗa ƙofa mai kyau da gimshiƙanta, ya yi mata ƙafafu ta baya yadda za ta tsaya da kanta, ya shafa mata koren fenti. Ƙofa a tsaye a tsakiyar fili, babu bango hagu, babu bango dama. Kaji suna zagaya ta.

Na ce, "Malam, wannan ƙofar ta wace ce?"

"Ta Darakta ce."

Malam mutum ne da in kalma uku za ta isa ba ya yin huɗu. Shekara da shekaru na saba da haka, amma ranar sai na ji kowace kalma tana ɓoye wata.

"Ina ɗakin?"

"Babu ɗaki."

"Wa ya haɗa ka da Darakta?"

"Rifkatu."

Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Ni kuwa duniya ta juya mini. Ashe har mijina, mai sallah a sahun gaba, an saye shi da aikin ƙofa. Ban tambaye shi komai ba kuma, domin a ganina na gama ji. Na daina yi masa magana. In ajiye masa tuwo in juya baya. In ya ce, "Maman Sani, lafiya?" in ce lafiya, in fita. Kwana tara na yi a haka.

Kwana tara. Yau da za a ce ga Malam ya dawo na kwana tara kawai, da ko barci ba zan yi ba don kada in rasa kalma ɗaya daga cikin 'yan kalmominsa. Ni na same su a hannu na zubar saboda ƙofa. (Rifkatu, dakata kaɗan.)

To. Ranar Alhamis Rifkatu ta shigo ɗakina da wata farar takarda mai kauri, an yi rubutu a jiki da jan biro.

"Mama, Darakta ya ce in ba ka wannan. Ranar Asabar ne za mu yi na gaske. Duk wanda muka yi a baya gwaji ne."

Na gaske! Na karɓi takardar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama. Ban iya karantawa ba, amma ina buƙatar karatu? Takarda daga hannun Darakta ai ta gida ce. Ya ji labarin ina sa ido, ya aiko a toshe mini baki. Wanda zai karanta mini ita a gidan nan Malam ne, shi kuma na riga na sa shi a layin masu laifi. Gaskiya kuma, tunda na yi alkawarin faɗin komai: na yi niyyar jefa ta a murhu, amma na tsaya ina tunanin ko gidan mai ban-ɗaki a ciki ne. Na ninke ta na soke a bakin zanina. Na ce wa kaina shaida ce nake ajiyewa.

Ranar Asabar ɗin ce kuma ake sa ran dawowar Bitrus. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai na fito da yarinyar nan daga hannun mutumin nan kafin mijinta ya iso, in ba haka ba aure ya mutu, kuma a hannuna ya mutu.

Da safe Malam ya ɗauki ƙofarsa ya fita. Bayan azahar Rifkatu ta fita da ƙullin kaya. Na ba ta 'yar rata, na yafa mayafi, na ɗauki muciyata na ɓoye a ciki, na bi ta. Ina tafe ina laɓewa a bayan masu tallan masara, ni da na haifi ɗa mai gemu. Na zaci za ta tsaya a bakin titi baƙar mota ta ɗauke ta. Sai na ga ta yanki hanya ta shiga wata makarantar firamare. Na ce kun ga wayo, inda ba wanda zai yi zato.

A gaban babban ɗakin taron makarantar akwai mutane suna shiga da kayan ado. Na ɗauka wani biki ake yi, na ce ya ma zaɓi ranar hayaniya don kada a ji kukanta. Na kauce musu na zagaya ta baya. Wata mata na zaune a bakin ƙaramar ƙofa tana ɗinke riga, na ce ina Rifkatu, ta nuna mini ciki da allura ba tare da ta ɗago ba.

Ciki duhu-duhu, an toshe tagogi da barguna. Ina lalube sai na ji muryar namiji kamar aradu.

"Ina makullina? Ke kika ɗauke! Ke da su kuke so ku haukata ni!"

Sai muryar da na sani, tana rawa: "Ban taɓa makullinka ba."

Na ƙara taku biyu, sai ga koriyar ƙofa a tsaye, haske yana fitowa ta ƙarƙashinta. A bayanta kuma ga Malam a tsugune, ya riƙe ƙafar ƙofar da hannu biyu. (Daga baya na ji ƙasan wurin ne ba daidai ba, ƙofar tana rawa in an buga ta, shi ya sa aka roƙe shi ya riƙe.) Ni abin da na gani shi ne mijina yana yi musu gadi.

Ya ɗago ya gan ni, ya ga muciya. Tunda nake da shi ban taɓa ganin idonsa ya fito haka ba.

"Maman Sani," ya ce da raɗa, "tsaya, wasa ne."

"Na san wasa ne! Yau zai ƙare!"

Na banka ƙofar na shiga.

Wata fitila mai ƙarfi ta dake ni a ido, ban ga komai a gefen hagu ba sai baƙi. Abin da ke gabana kawai na gani. Rifkatu a durƙushe a ƙasa da kwano a hannu, ɗankwalinta ya zame. A kanta kuma ga shi nan tsaye, daidai yadda na zana shi a raina, tumbi da kwat, har da agogo. Ban yi sallama ba. Na sauke masa muciya a kafaɗa.

"Azzalumi! Matar mutane! Mijinta yana can a kan hanya yana ɗauko muku takardunku, kai kana nan kana wasa da ita!"

Sai na ji wata ƙara daga cikin duhun nan kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Ban gane tafi ba ne. Na ɗauka damina ce ta sauko.

Mutumin ya ja da baya yana kare kansa. Na zungure shi a ciki da muciya, sai tumbin ya zame ya faɗo ƙasa ta ƙarƙashin riga. Matashin kai ne. Na tsaya ina kallonsa, amma bakina ya riga ya yi nisa, bai san hanyar dawowa ba. Na zaro takardar daga bakin zanina na ɗaga sama.

"Ga takardar gidan da ka aiko a toshe mini baki! Ba na so! Ni amana aka ba ni! Kai ne Darakta ko ba kai ba ne?"

"Mama," ya ce, muryarsa ta koma 'yar ƙarama, "wallahi ni akawu ne."

Daga cikin duhun sai wata murya ta ce, a natse:

"Ni ne Darakta."

Wani ya yaye bargo daga taga, wani ya yaye na biyu. Haske ya shigo. Jama'a ce cike da ɗaki, layi-layi, har da masu tsayuwa a baya, kowa ya zuba mini ido. Ni kuma ina tsaye a kan dandamali, muciya a dama, takarda a hagu, mayafina a ƙasa. Wadda ta yi maganar tana tahowa a hankali: wata 'yar tsohuwa gajeriya, furfura fal kanta, tabarau a rataye da igiya a wuyanta. Shugabar makarantar ce. Ita ta rubuta wasan, ita take koya musu, shi ya sa suke ce mata Darakta.

Mace ce. Kwana da kwanaki Rifkatu tana cewa "ya ce, ya ce", ni kuma na gina namiji guda da tumbinsa da motarsa a kan wannan "ya". Yarinyar da kullum take ce mini "Mama, ka tashi lafiya?" Ko sau ɗaya ban tsaya na ce, to ni ma ai "ka" take ce mini, kuma ban tsiro gemu ba.

A daidai wannan lokaci ƙofar Malam, da ya sake ta don ya kamo ni, ta yi tangaɗi ta faɗi rigijib. Sai ga shi a fili, a tsaye, hannuwansa a miƙe. Dariyar da ta tashi a ɗakin nan, na tabbata an ji ta a bakin titi.

Darakta ta hau dandamalin, ta karɓi takardar daga hannuna, ta sa tabarau. Da ma a ce a zuciyarta ta karanta. A'a, malamar makaranta ce, da ƙarfi ta karanta yadda na baya za su ji.

"Babbar baƙuwa, Maman Rifkatu. Kujerar gaba." Ta nuna da hannu. "Ga ta can, Mama. Tun ɗazu tana jiranki."

Na duba. Kujera ɗaya ce babu kowa a layin gaba, an ɗora hula a kai don kada wani ya zauna. Mai hular kuwa Bitrus ne, ko wanka bai yi ba daga hanya, ya riƙe ciki yana share hawaye.

Amma ba dariyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Rifkatu ce. Tana nan a durƙushe inda take, tana kuka, kuma a karon farko na ji bambanci. Wancan na jikin bango yana da daɗin ji, yana hawa yana sauka. Wannan ba shi da sauti ma, kafaɗunta ne kawai suke motsi. Wasan ba nata ba ne, na mutumin ne, labarin wani ma'aikaci da aka kawo sabon gari, kaɗaici ya taɓa masa kai har ya koma zargin kowa. Ita matarsa ce kawai a ciki, tana zaune a bakin ƙofa da kwano, magana bakwai aka ba ta. Magana bakwai ɗin nan ta yi wata uku tana koya don mijinta ya ga ita ma za ta iya tsayawa a gaban mutane. Ni kuma na zo na faɗa wa duk Karu cewa na ɗauke ta mai bin maza.

Darakta ta kama hannuna ta sauko da ni kamar mai jan makauniya. Bitrus ya ɗauke hularsa. Na zauna, muciya a cinyata, domin ban san inda zan ajiye ta ba.

"Mama, sannu da aiki," in ji shi. "Amana ya yi ƙarfi."

Aka tayar da ƙofa, Malam ya koma bayanta, akawu ya mayar da tumbinsa, aka rufe tagogi. Darakta ta ce a ɗauka daga wurin makulli. Rifkatu ta share fuska ta ci gaba, muryarta tana karyewa, amma tana tafiya. Har aka zo ƙarshe, inda mutumin ya birkice ɗaki yana neman makulli, ya juyo ya tsaya a kanta yana huci. Nan ne za ta faɗi maganarta ta bakwai. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta dube shi, ta dubi ƙasa. Ɗaki ya yi tsit. Na san ni na kore maganar daga kanta.

Na yi niyyar raɗa ne, Allah ya sani. Amma ni ban iya raɗa ba.

"Makullin yana aljihunka tun ranar da muka zo garin nan!"

Aka sake fashewa da dariya. Na ja mayafi na rufe fuska. Ta cikin mayafin na ga Rifkatu ta juyo ta dube ni, ta gane a ina na koyi maganar, ta gane kwana nawa na yi a jikin bangonta. Na ce shi ke nan, na ƙarasa abin da ya rage. Sai ta miƙe tsaye, ta jira dariyar ta mutu, ta dubi mutumin ido cikin ido ta faɗi maganar a hankali. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da makulli, ya tsaya yana kallonsa. Babu wanda ya yi dariya a nan. Bitrus ne ya fara miƙewa yana tafi.

Da aka tashi na so in sulale, Darakta ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mama, na gode. Wata uku ina koya wa mutumin nan yadda mai zargi yake kallon mutane, bai iya ba. Yau ya gani."

Rifkatu ta yi sati guda ba ta leƙo ɗakina ba. Na dafa dambu na kai mata, na durƙusa a ɗakin yarinyar da na girmi uwarta, na ce ta yafe mini. Ta ce sai na yi alkawarin daina zama a jikin bango. Na yi. Washegari da safe na ji an ɗaga labule. "Mama, ka tashi lafiya?" Ban sake gyara mata ba har yau.

Malam kuwa, a hanyarmu ta komawa gida ranar, yana gaba da ƙofa a ka, ina biye da muciya, har muka kusa gida. Sannan ya tsaya, bai juyo ba, ya ce:

"Da kin ba ni takardar na karanta miki."

Shi ke nan faɗan da ya yi mini. Amma har ya bar duniya, in ya ga na fara kallon wani da gefen ido, sai ya ce, "Maman Sani, in ɗauko muciya?"

Ƙofar ba a sake neman ta ba. Da Malam ya bar aiki muka koma Kuje, ya gina mana ɗaki biyu, ya kafa ta a nawa. Ya ce ta daɗe tana jiran ɗaki. Ta cikinta aka fita da shi. Fentin ya koɗe, gefen da ya bugu da ƙasa ranar nan har yanzu da tabo, Sani ya ce zai canja mini ita da ta ƙarfe na ce ya bar mini abata. Da ita nake hira in gidan ya yi shiru.

Abin da na koya ba shi da yawa. In an ba ni takarda yanzu, ko ta kunshin ƙosai ce, sai na nemi mai karanta mini kafin in yi fushi. In kuma wani a garin nan ya zo ya ce mini "ya ce", ba na motsawa daga inda nake sai na tambaya: namiji ne ko mace?